Ranar da na kira cocin mahaifiyata ƙungiyar asiri

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin ya faru ni ɗalibi ne a Makka, muna zaune mu huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Zahir. An haife ni a gidan Katolika a wani ƙauye a kudancin Kaduna, na musulunta bayan na gama sakandare. Dangin mahaifina sun yi ta tada jijiyar wuya, amma Mama ta tsaya ta ce a ƙyale ni, ai Allah na je nema, ba sata ba. Ita ce ma take dafa mini sahur a azumina na farko. Duk da haka, da na zo Makka kunyar asalina nake ji. Abokan ɗakina 'ya'yan malamai ne, ni kuwa akan kira ni tubabbe, cikin wasa, amma yana sukata.

Wata rana bayan la'asar muna cin tsire a titin Mansur, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko gaskiya ne Katolika ƙungiyar asiri ce. Na san amsar sarai. Babu wata rantsuwar ɓoye, ƙofar coci a buɗe take, kuma ni da na fita babu wanda ya bi ni da wuƙa. Amma na ga yadda suka zuba mini ido, karo na farko ana son jin ta bakina, sai na ce ai abin ya fi haka muni. Nan take ya ɗaga waya ya fara ɗauka ta. Na ce suna shan jini ranar Lahadi, alhali na san ruwan inabi ne a cikin ƙoƙon da ake sha a coci. Na ce Fada, limamin coci, yana tara asirin mutane ne don ya riƙe su da shi. Da na ga suna jinjina kai, sai na kawo Mama. Na kwaikwayi yadda take durƙusawa gaban gunkin Maryamu da carbi a hannu, har da rawar muryarta, suka yi ta dariya. Na faɗi sunan ƙauyenmu, na ce da ƙyar na kuɓuta daga hannunta.

Cikin mako guda bidiyon ya isa gida. Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka. Ta ce a kasuwar da Mama ta yi shekara da shekaru tana sayar da daddawa, matan da suka saba saye a wurinta sun daina, wai ba a san abin da take zubawa a ciki ba. Samari suna bin ta da kiran mai shan jini. A coci kuma wasu mata suna gulmar cewa ita ta haifo musu wannan masifa. Na ce wa ƙanwata gaskiya ɗaci gare ta, na kashe waya. Mama da kanta ta kira ni sau uku, ina kallon sunanta na ƙi ɗauka, saboda abokaina suna kusa.

Wanda ya farkar da ni wani dattijon malaminmu ne, Basakkwace da ya daɗe a Makka. Ya tsayar da ni bayan darasi, ya tambaye ni ko na taɓa ganin jinin da idona. Na ce a'a. Ya ce mun saɓa da Kiristoci a aƙida, saɓani babba, kuma ba ma ɓoye shi, amma addininmu ya san su a matsayin ma'abota Littafi, bai ba ni izinin yi musu ƙarya ba, balle in tozarta wadda ta haife ni. Ya ce ya kalli bidiyon har ƙarshe bai ga wa'azi a ciki ba, abin da ya gani shi ne mutum yana neman a tafa masa da mutuncin uwarsa.

Na ɗauki wani bidiyon na ƙaryata kaina, amma kusan babu wanda ya tura shi gaba. Da na je hutu na tarar Mama ta bar kasuwa, ta rame, tana zaune a tsakar gida. Na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun kafin in roƙa. Sai ta tambaye ni, a hankali, ko da gaske haka muryarta take idan tana addu'a, domin tun ranar da aka nuna mata bidiyon ba ta ƙara yi da ƙarfi ba. Har yau tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka, amma hirar da muke yi a da ta mutu.

Abin da na koya shi ne, rashin yarda da addinin mutum ba ya ba ka damar ƙaga masa sharri. Ina nan a kan Musuluncina, kuma shi ne yake tuhumata a kan abin da na yi. Ina jan kunnen 'yan'uwana, musamman waɗanda suka musulunta irina: idan aka tambaye ku game da gidan da kuka fito, ku faɗi abin da kuka sani kawai. Masu tafa muku za su watse kafin magariba, iyayenku ne za su wayi gari a cikin mutanen da suka ji maganar.