Goggo Mai Wanki da Shekarar da Gada ta Karye

Jama'a, ku zo ku ji. Goggo Mai Wanki ta ajiye aiki! Ni ba gwanar rubutu ba ce, jaririyata ma tana kan cinyata nake wannan, amma in na yi shiru cikina zai fashe.

Wanda bai san ta ba, bari ya ji. Kullum kafin rana ta fito Goggo tana bayan layinmu tsakanin bahuna, ta naɗe hannun riga, ruwan zafi nan, kumfa can. Kafin hantsi igiyoyinta sun yi fari fat. Layinmu kuwa baƙi ne abincinsa. Masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon tafki, su kwana a otal, su hau kwale-kwale, su sayi tsaraba. Maigidana mai hoto ne, shi ma bin su yake da kyamara.

Goggo ce ke wanke zannuwan gadon otal. Amma tana da wata ɗabi'a da ta tsaya wa mutane a wuya: komai cikar baƙi, kayan asibitin haihuwa da na makarantar kwana take fara wankewa. Kayan jini da fitsari, ladan kuma bai taka kara ya karya ba. Manajan babban otal ya sha zuwa da kansa.

"Haba Goggo, baƙi na jiran gado, ke kina nan kina cuɗa tsumman asibiti?"

"Su jira, ɗana. Baƙo raɓa ne. Haihuwa kuwa ba ta zuwa hutu."

Maigidana har da shi a masu dariya. Cewa yake tsohuwar nan ta ga tsoka ta zaɓi ƙashi.

Sai damina ta zo da wani ruwa ya ɗauke gadar babbar hanya. Innalillahi! Hanyar da ta rage motocin baƙi ba sa iya bin ta. Layinmu ya yi tsit kamar gidan makoki. Otal suka sallami ma'aikata, kwale-kwale suka kwanta a kife, mai tsaraba sai korar ƙuda. Ashe duk mun zuba ƙwanmu a kan gada ɗaya ba mu sani ba!

Ni kuwa ga tsohon ciki. Maigida ya haɗa jaka zai tafi neman aiki gari mai nisa, ba ranar dawowa. Na yi kuka har na gaji. Goggo ta ji labari, ta tare shi a bakin layi, kumfa har gwiwar hannu.

"Kai mai hoto, sai ina?"

"Ci-rani, Goggo."

"Ka bar 'yar mutane haihuwa yau ko gobe? Ajiye jakar nan, zo ka matse min zani."

"Goggo, ni fa mai hoto ne."

"To ɗauki yunwa hoto mu gani."

Ya leƙa baho ya ja da baya. "Kayan masu haihuwa ne fa!"

"Kai daga sama ka faɗo?"

Haka ya ajiye jaka. Ba shi kaɗai ba, ta jawo mai kwale-kwale yana kai kaya a baro, ta jawo matan da ke share ɗakunan otal suna guga. Aikin bai isa kowa ya ƙoshi ba, amma a bayan layin nan ba wanda ya kwana da yunwa. Babbar nas da bakinta ta gaya min wasu sun zo neman aikin da araha, 'yan asibiti suka ce a'a, wadda ba ta guje su ranar samu ba, ba za su guje ta ranar rashi ba. Ni da na haihu, a kan zanin da uban yarinyar ya wanke da hannunsa na haihu, yana bakin ƙofa yana safa da marwa.

Yanzu an gyara gada, baƙi sun dawo. Jiya na kai wa Goggo jaririya ta sa mata albarka. Na miƙa, sai ta tara min damatsanta. Na duba hannun. Wayyo Allah! Yatsun sun lanƙwashe ba sa rufuwa, fatar ta tsage kamar ƙasan tafki da rani. Koyaushe cikin kumfa muke ganinsu, wa ya lura? 'Yarta ta ce tun kafin gada ta karye likita ya hana ta taɓa ruwa. Da wuyan hannu take cuɗawa. Wai Goggo cewa ta yi in ta zauna aikin zai watse, mu ma mu watse.

Duk wannan bayani 'yarta ke yi min. Goggo kuwa tana ta wasa da yarinya.

Goggo, ke ce inuwar da ba mu san muna ƙarƙashinta ba sai da rana ta buɗe. Ke ce kika hana 'yata buɗe ido ba uba a gida. Bango madafar bayi, Allah Ya ba hannuwan nan lafiya, Ya saka miki da gidan Aljanna.

'Yarta ce za ta riƙe wajen. Maigidana ya ce da safe yana baho, da yamma yana bakin tafki da kyamara, ba zai ƙara tsayawa da ƙafa ɗaya ba. Ku ma 'yan layinmu, ku ci arzikin baƙi, halal ne, amma kar ku saki na gida. Kuma don Allah ku riƙa duba hannun masu yi muku aiki.

Da muka taru muna ta yi mata godiya, wasu har da hawaye, sai ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Kun gama? To ku tashi, hadari ya haɗo. Yabo ba ya kwashe shanya."