Faifan ƙwarin da na ƙi ƙonawa

"Malama, ki ji tsoron Allah. Wa aka ɗaure a nan?"

Maman Hafsa ce, maƙwabciyata. Ta zo ɗaukar 'ya'yanta daga karatun allon da nake koyarwa a gida, sai idonta ya faɗa kan faifan da ke rataye a bango: mazari, buzuzu, malam-buɗe-littafi, kowanne an kafe shi da ƙayar aduwa.

Na ce, "Ba a ɗaure kowa ba, Maman Hafsa. Ado ne."

Wurin kakata na gaji abin. Zamanin Turawa ta ga wani Bature a fadamar Auyo yana kama ƙwari, yana kashe su a kwalba, yana jerawa a akwati. Jerin ya ba ta sha'awa, amma kisan ne ba ta so. Sai ta riƙa tsintar waɗanda suka riga suka mutu idan ruwa ya janye. Haka nake yi har yau, ban taɓa kashe ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ni dai ƙaya a jikin halitta asiri ne. Ko ki ƙona, ko in cire yarana."

Hafsa yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, kuma ina sonta. Amma in na ƙona, na yarda ke nan kakata matsafiya ce.

Na ce, "Allunansu na nan bayan ƙofa."

Ta kwashe su, ta tasa yaranta a gaba ta fita. Faifai yana nan inda yake.

Ku da kuka fi ni karatu, ku gaya mini inda kallon halittar Allah ya zama tsafi. Ina saurare.