Furen da ke cikin gilashi

Ana sallame sallar asuba muka hau lori daga garin Hajj Abdalla, ni da baffana, mai narka fasassun kwalabe yana yin duwatsun wuya. Shekara da shekaru yana zana fure a kan duwatsun, wuta tana cinye zanen. Mata sun koma sayen na roba, idonsa kuma ya fara hazo, har ya rantse in damina ta faɗi bai gane sirrin furen da wuta ba ta ci ba zai rushe murhunsa. Wani malamin makaranta ne ya ce mana akwai kwanon gilashi mai furanni a gidan kayan tarihi na Khartum.

Hanya kam ba a magana. Auduga fari fat hagu da dama, ga ramuka, ga wani ɗan akuya da ya mai da rawanin Baffa abin karin kumallo. A garin Kamlin muka ci kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, mai shayi ta zabga mana sukari kamar da gayya. Baffa ko loma uku bai yi ba.

Da muka isa, wallahi na raina kwanon. Bai fi tafin hannu ba! Amma furannin da ke cikinsa su ne dai ake gani ta bayansa. Wani ma'aikacin gidan ya ce aikin Rumawan dā ne, kuma ba zane ba ne. Sandunan gilashi masu launi iri-iri suke ɗaurewa kamar damin kara, su gasa, su ja shi ya yi tsawo ya sirance. In ya huce su yayyanka, su jera yankan gefe da gefe, su mayar wuta har su manne, sannan a lanƙwasa a kan ƙoƙon yumɓu a goge.

Baffa ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Yankan kuɓewa ke nan! Ni ina ta shafe-shafe a waje, ashe furen ciki ake gina shi."

Mun dawo gida da ƙura har cikin kunne. Abin da na koya shi ne, wani ciwon kai, tambaya ɗaya kawai yake jira. Kwana tara Baffa yana jan gilashi yana tsinkewa. Ran na goma ya miƙo mini yanka ɗaya.

"Ɗana, idona bai kai ba. Mi ka gani?"

Fure ne, karkatacce, mai kunne biyar. Na faɗa masa. Ya ce in je in ƙaro gawayi.