Fatihar da Ta Kori 'Yan Kallo

Shekarar da muka gama aji uku na sakandare, lokacin ina da gashi a ka kuma cikina bai riga ni shiga ɗaki ba, aka kwashe mu a dogon hutu zuwa wata makarantar kwana a Nguru, wai sansanin horar da yara maza. Mu 'yan Gashuwa a bayan wata tsohuwar akori-kura aka zuba mu, wadda in ta yi tari a hanya sai kajin Karasuwa sun watse. Damina ce. Sauron Nguru kuwa ba ya cizo a tsaye, ɗaukar mutum yake ya kai shi gefe ya ci a natse. Ni da kunnena na ji biyu suna shawarar ko su fara da ni ko da mai gadi.

Da safe fareti da shara, da hantsi lissafi, amma ana sallar la'asar sai sansani ya koma gidan biki. Bokitin wanka ya zama ganga, jarkar ruwa ta zama kalangu, cokulan kicin kuwa har muka tafi mai dafa abinci bai gama nemansu ba. Mai zuga mu shi ne malamin Hausa, wani siririn Babarbare da ke son wasan kwaikwayo kamar ransa. Shi ya ce ranar rufe sansani iyaye za su zo, kuma mu 'yan ɗakinmu mu za mu yi wasan ƙarshe.

A gadon da ke kusa da nawa akwai abokina, ɗan masunta daga bakin kogin Gashuwa. Yaro ne shiru-shiru, sai ka yi masa tambaya yau ya ba ka amsa jibi. Amma ya haɗa gurmi da gwangwanin kifi da wayar birkin keke, in ya kaɗa shi ya buɗe baki, har masu wankin kwano tsayawa suke da kumfa a hannu. Waƙa ɗaya ya tsara, a kan babansa, kuma baban bai taɓa jin ya rera ko baiti ba.

"A gida bakina ba ya buɗewa a gabansa," ya ce min. "Ya aiko cewa zai zo, amma da motar yamma zai koma. In bai ji ni a nan ba, shi ke nan."

Malam ya sa waƙar a ƙarshen wasa. Labarin kuwa mai sauƙi ne: saniya ta shiga gonar shinkafa a fadama, manomi ya ja makiyayi gaban Bulama, wato mai gari, a yi ta cacar baki, a sasanta, liman ya yi addu'a, sannan a yi kiɗan murna abokina ya fito da gurminsa.

Ni Bulama na nema. Malam ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ƙirarka ta saniya ce."

"To Malam, a ba ni kan."

"Kan yana da magana, shi ke kuka. Ba zan ba ka magana ba, na san ka. Riƙe baya."

Haka na zama ƙafafun baya da wutsiya, a ƙarƙashin wani tsohon bargo da aka ɗaura wa ƙahonni daga mahauta. Wanda ya riƙe gaba wani ɗan Dapchi ne da ba ya wasa da wake da shinkafa. Abin da na gani a cikin bargon nan na bar wa Allah.

Liman kuwa aka ba wani ɗan gidan malamai, aka manna masa gemun auduga. Duk lokacin gwaji sai ya yi gunaguni kaɗan ya shafa, mu wuce zuwa kiɗa. Ba wanda ya ga matsala, don a gwaji ba mu da 'yan kallo sai awakin mai gadi.

Ranar ta zo. Filin ya cika da tabarmi, iyaye daga Nguru da Gashuwa, wasu har daga Katuzu a kan babur. Ta wata huda a bargo na hango baban abokina a layin baya, dogo baƙi, ya ajiye takalmansa a gefe. Wasa ya tafi yadda ake so. Na ci shinkafar manomi, na yi harbi da ƙafa, na taka wa Bulama rawani, jama'a na ta faɗuwa da dariya. Aka sasanta. Liman ya miƙe.

To ashe yaron nan bai taɓa ganin taro irin wannan a gabansa ba, sai jinin gidansu ya motsa. Ya gyara murya, ya ɗaga hannu, ya kama addu'a ta gaske. Ya roƙa wa manomi da makiyayi zaman lafiya, ya roƙi damina mai albarka, ya roƙa wa iyaye, ya roƙa wa waɗanda suka riga mu. Jama'a suka daina dariya, hannuwa suka tashi sama, amin na fita kamar a masallacin Juma'a. Har shugaban sansani ya rufe ido. Sai liman ya ƙara da cewa, "Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Fatiha."

Aka shafa. Kowa ya miƙe.

A ƙasarmu in an shafa fatiha, ko suna ne, ko sulhu, ko taron unguwa, magana ta ƙare. Nan da nan aka hau kakkaɓe tabarmi da laluben takalma. Shugaban sansani ya fara yi wa manyan baƙi musabahar sallama. Malam ya yi tsalle ya hau benci yana ɗaga hannu.

"Jama'a, ba a gama ba, akwai saura."

Wani dattijo da ya naɗe buzunsa ya ce, "Malam, an shafa fatiha, me kuma ya saura?"

"Baba, ai ta wasa ce."

"Fatiha ta wasa? A'a yaro, iya bakinka."

Ta hudar bargo na ga abokina a bayan zanen gadon da muka yi labule da shi, rungume da gurmi, ya daskare. Na juya na ga babansa ya sa takalmi ya nufi ƙofa, inda motar Gashuwa ke jira.

Na mintsini ɗan Dapchi. "Ƙofa."

"Wace ƙofa?"

"Ta makaranta, ɗan wake. Gudu."

Ba a taɓa ganin saniya ta yi gudu irin wannan a Yobe ba, don ƙafafun baya sun fi na gaba sauri, sau da yawa ma sun so su wuce su. Muka keta jama'a, mata na janye yara, muka isa ƙofa muka kwanta a gicciye, muka toshe ta ruf. Ɗan Dapchi ya saki kuka. Ni ma na saki nawa ta baya, duk da an hana ni magana.

Mai gadi ya zo da sanda, kuma kamar ya sani, ɓangarena ya zaɓa.

"Ku tashi, 'ya'yan banza."

"Baba, saniya ba ta jin Hausa," na ce daga ciki.

Wani Bafillace cikin iyaye ya ce a bar shi da ita, ya tsuguna yana lallashinmu da Fillanci yana shafa min wutsiya. Jama'a suka taru a kanmu ana ta ƙyaƙyatawa, ba mai fita. Malam ya ga dama ta samu, ya yi wa masu bokiti alama. Kiɗa ya tashi. Sai ga abokina ya fito daga bayan labule, yana tafe yana kaɗa gurmi, har ya iso bakin ƙofa, tsakaninsa da babansa bai fi tsawon sanda ba. Sannan ya buɗe baki ya rera.

"Ruwa ya kawo, Baba ya tashi,
raɓa a kafaɗa, taru a hannu,
ni ina barci, ya ja min mayafi."

Duk inda ya kamata 'yan amshi su karɓa, saniya ce ke karɓa. Mutane suna tsaye da tabarmi a hammata, wasu takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ba wanda ya motsa. Uban bai yi dariya ba. Ya dai cire hularsa yana juya ta a hannu, yana kallon yaron kamar yau aka nuna masa shi.

Da waƙa ta ƙare, yaron mota ya leƙo ta saman ƙahonninmu.

"Baba mai kifi, kai kaɗai muke jira."

"Ku je, zan biyo ta safe," in ji shi. Ya ja benci ya zauna, ya dubi ɗansa. "Kai, sake min daga farko. Ban ji ta sosai ba, saniyar nan ta cika min kunne."