Littafin Wutsiyoyin Baba

Jiya na sayi ƙosai aka naɗe mini a tsohuwar jarida. Ina warwarewa sai ga wasan nan na cike ƙananan akwatuna da kalmomin Turanci, mai ya jiƙe rabinsa. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

A unguwar Makera muka taso, gidan haya mai ɗaki takwas da famfo ɗaya. Baba akawu ne a masaƙa. Da aka rufe ta, abin da ya rage masa benci ne da biro da wannan wasa. Yana da littafi mai baƙin bango da yake tara kalmomi, amma ba bisa harafin farko irin na ƙamus ba. Ƙarshen kalma yake bi, wai wutsiya. Shafin masu ƙarewa da "tion" daban, na "ment" daban.

Kullum bayan la'asar maƙwabcinmu, wani makanike ɗan ƙabilar Ibo, yakan zo su zaɓi wutsiya ɗaya, wannan ya kawo kalma, wancan ya kawo. Doka ɗaya ce: wanda ya maimaita ya faɗi. Mama takan ce Turancin nan dai ba ya shiga tukunya.

Ina aji shida, cikin damina, Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Ya dawo daga asibiti baki a karkace, ba magana. Sai kallo. Ba mu san ko yana gane mu ba, kuma wallahi wannan ya fi komai tsorata ni. In na kai masa kunu, kaina a ƙasa nake yi, don kada in ga ya dube ni kamar baƙuwa.

A mako na uku makaniken ya zo, hannunsa duk baƙin mai, ya zauna a gefen bencin.

"Malam, yau tion ne. Nation."



"Oga, ka bar shi ya huta mana," in ji Mama.

Bai saurare ta ba. Station, motion, yana ta jerowa shi kaɗai. Wajen ta goma sha biyu kalmomi suka ƙare masa, ya yi ta lalube, ya sake cewa, "Nation."

Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buga benci.

"Ka... faɗi."

Mama ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka.

Ya ƙara shekara tara a duniya. Yanzu waya na zubo maka irin waɗannan kalmomi kafin ka ƙifta ido, littafin ma gara ta cinye. Ni kuma na kai shekarun da ya faɗi, har likita ya ɗora ni kan maganin hawan jini. Kowace safiya kafin in sauko daga gado sai na jera kalmomi goma masu wutsiya ɗaya, in gwada kaina. Yau ina ta takwas na ji na sake cewa nation, kuma babu wanda ya buga benci.