Shahon da Aka Yi Kyauta da Shi

Tantabarar farko da na gyara ruɓewa ta yi. Ta biyu ma haka. Ta uku ba ta ruɓe ba, amma wuyanta ya fito kamar na agwagwa, ido ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa, har maigidana ya ce in yi wa Allah in daina ajiye ta kusa da inda yake cin tuwo.

A lokacin ina koyar da ilmin halittu a wata makarantar 'yan mata a Gusau, kuma ban iya zane ba. In na zana tsuntsu a allo don in nuna bambancin bakin mai cin hatsi da na mai cin nama, sai aji ya kwashe da dariya. Fita da ɗalibai daji kuwa an daɗe da dainawa, kowa ya san dalili. Shi ya sa na ƙudura koyon yadda ake feɗe mataccen tsuntsu, a gyara fatar da gashinta, a cika ta, a tsayar da shi kamar yana da rai.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, da ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji kafin ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa. Wurin matarsa nake sayen manja, a falonsu kuma na fara ganin kurege zaune kan reshe da gyaɗa a hannu. Na yi ta jira ya motsa.

Baba ba ya gaggawa, ba ya kuma yabo. Ya nuna mini yadda ake tsaga ƙirji kaɗan, a riƙa zare fatar a hankali kamar ana cire wa jariri riga, a kankare duk wani kitse, a shafa gishiri da alif, sannan a naɗa sabon jiki da audugar rimi da zare a kan waya. Ido kuwa da duwatsun wuya baƙaƙe muke yi.

"Malama, kitse ne yake kayar da ke," in ji shi, ranar da na kawo masa tantabara ta biyun tana wari. "Kin bar shi a gindin wutsiya. Je ki samo wata."

Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in kashe komai saboda wannan aiki. Sai abin da ya mutu da kansa.

Kankarar fata kuwa sai da na je Bunguɗu wurin kawuna, wanda majemi ne, na zauna kusa da shi ina kallon yadda yake kwantar da wuƙa. Ya yi dariya har da hawaye da ya ji abin da nake koyo, amma ya ba ni wata 'yar wuƙa da bakinta ya dakushe, ya ce mai kaifi huda fatar tsuntsu za ta yi. Matan unguwarmu su ba dariya suka yi ba. Aka ce na shiga tsafi. Wata ta hana 'ya'yanta shan ruwa a gidanmu. Na ji zafi, amma na shanye, domin su aƙalla ba su san abin da nake yi ba.

Daga baya na samu wani shaho a hanya. Muna dawowa daga suna a Tsafe, motar da ke gabanmu ta buge shi yana ƙoƙarin ɗaukar wani abu a kan kwalta. Na roƙi direba ya tsaya. Na sauka da kayan biki a jikina, na naɗe shi a leda, jikinsa da ɗumi. Wata tsohuwa da muke kujera ɗaya ta matsa can jikin taga.

"'Yannan, mi za ki yi da wanga mushe?"

"Karatu, Inna."

Ta kawar da fuskarta waje har Gusau.

Wannan karon Baba bai taɓa wuƙa ba, zama kawai ya yi yana kallo. Na yi ta lallaɓawa wajen zare fatar kai, don wurin ido siriri ne ƙwarai. Na buɗe fikafikan, na kafe su da kwali da allurai har suka bushe, na dasa ƙafafun a kan wani kututturen marke. Da muka cire kwalin, Baba ya zagaya shi, ya sake zagayawa, ya ce, "To." A wurinsa wannan babban yabo ne.

Ranar da na shiga aji da shi, 'yan layin gaba sai da suka tashi da gudu. Daga baya suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suna taɓa faratan, suna leƙa ƙugiyar bakin. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tambaye ni me ya sa idanunsa suke fuskantar gaba, na kaza kuwa suke gefe. Na dawo gida ina ta ba maigidana labari har tuwonsa ya huce.

Shahon bai yi wata guda a makarantar ba. Wata safiya na buɗe ɗakin kimiyya na tarar da wurinsa wayam, sai alamar kututturen a kan ƙura. Na nufi ofishin shugabar makaranta, wata Hajiya mai yawan fara'a.

"Af, Malama, ai ina nemanki in yi miki albishir. Babban baƙon da ya zo duba mu jiya ya yaba da tsuntsunki ƙwarai. Ya ce zai dace da falonsa, sai muka saka masa a mota."

"Kuka saka masa a mota? Hajiya, da izinin wa?"

"Haba, ai karrama ki aka yi. Kuma mushe ne fa, ba saye kika yi ba."

Wannan kalma ta mushe ita ta fi ɓata mini rai. Asabar nawa na yi a durƙushe, gishiri yana cin yatsuna, maƙwabta suna zagina, amma a wurinta abin tsintuwa ne da za a miƙa wa wanda ya ƙyasa, kamar kwalin lemo. Ko a turo a kira ni daga aji ba a yi ba.

Maigidana ya ce in haƙura, mutumin babba ne. Na ce ko shi ne wa. Na nemi kwatancen gidan, na je da la'asar. Aka shigar da ni falo, ga Alhajin da baƙinsa, ga shahona a kan talabijin, an rataya masa carbi a fiffike. Ina sallama na ji yana gaya musu yadda ya harbo shi a gonarsa da harsashi ɗaya.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi ko ni wace ce. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, mota ce ta buge shi a hanyar Tsafe, ni na ɗauko shi, ni na gyara shi. Na ɗalibai ne, da shi nake koyarwa. Na zo a taimaka a ba ni."

Wani baƙo ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alhajin ya ce in je, za a aiko.

An aiko kuwa. Direbansa ya kawo shi a buhun taki, fiffiken dama a karye, gashin wutsiya rabi babu, yana ƙamshin turaren ɗaki. Na zauna a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba lokacin da ake ce mini matsafiya. Baba ya duba ya ce fiffiken ba zai sake buɗuwa ba. Muka jiƙa shi, muka naɗe duka biyun a jikinsa, ya koma shaho mai hutawa. Ƙarshen zangon aka ba ni canjin wurin aiki zuwa wata makaranta wajen Furfuri, ba tare da an faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu ina da makwarwa, da bushiya, da zomo, da shahon. A kwali nake kai su makaranta bisa babur, in an tashi in dawo da su gida. Ba na barin ko ɗaya ya kwana a can.

Bara na haɗu da Hajiyar a wani biki. Ta rungume ni, ta tambayi yara, sannan ta ja ni gefe ta ce ɗawisunta ya mutu, yana cikin firji, ko zan gyara mata shi ta sa a falo. Na dube ta sosai don in ga ko wasa take yi. Da gaske take.

Na ce, "Hajiya, mushe ne fa. A haƙa rami a binne shi."

Na ɗauki jakata na koma wurin zamana.