An Kwantar da Me?

Kafin masu aikin safe su gama hamma, Uwar Ɗaki ta riga ta zauna. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta goge abin sauraro da bakin mayafinta, sannan ta ɗaga kai ta dubi babban allon da ke jikin bango. Taswirar gari ce a shimfiɗe, motoci na yawo a kanta kamar tururuwa: ja na 'yan kwana-kwana, shuɗi na 'yan sanda, fari na asibiti. Daga nan sai gaisuwa. Mota-mota take bi ta rediyo, ta tambayi kwanan iyali, ta tambayi ko tankin ruwa a cike yake, ko an canza tayar da ta yi faci jiya. Wani direba ya ce ko mahaifiyarsa ba ta bin diddiginsa haka.

Ɗakin amsa kiran gaggawa ke nan, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Shi ya sa na ga gara a jinjina mata tun tana ji, da kunnen dama dai, domin na hagu aiki ya cinye shi.

Yaran da ke aiki a wurin yanzu sun ɗauka haka aka halicci ɗakin. Ina! Da can kowace hukuma da ɗakinta, da rediyonta, da girman kanta. Ɗan sanda na iya tsayawa yana kallon motar kwana-kwana a tsallaken titi, amma in zai ba ta saƙo sai ya kira ofishinsu, ofishinsu ya buga waya wancan ofishin, saƙo ya zaga gari kafin ya ƙetare kwalta. A lokacin ita matashiya ce a teburin wayar 'yan kwana-kwana.

Wata rana da hantsi wata mata ta kira. Shagon mijinta, kafinta, ya kama da wuta. An fito da shi, amma hayaƙi ya cika masa ƙirji, numfashi na sarƙewa. Uwar Ɗaki ta tura motar kashe wuta, ta buga wa ofishin motocin asibiti, suka ce mota ta tashi. Ta koma kan matar ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, motar asibiti tana tafe."

Can sai shugaban masu kashe wutar ya yi magana ta rediyo: "An kwantar." Abokin aikinta na tebur na kusa ya ɗauki saƙon, ya miƙa wa ofishin asibiti yadda ya ji shi. A bakin ɗan kwana-kwana, an kwantar na nufin wuta ta mutu. A kunnen mutanen asibiti kuwa, an ba mara lafiya gado ke nan, wani ya riga su kai shi. Direban motar asibiti ya kashe jiniya ya juya. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi lalaci. Maƙwabta sun so su ɗauki kafintan a motarsu, matar ta ce a dakata, an ce mata mota tana tafe. Da suka gaji da jira suka ɗauke shi, a hanya ya cika.

Tun daga ranar kalmar nan, "tana tafe", ta fita daga bakin Uwar Ɗaki. Mai kira zai yi ta roƙo, "Suna zuwa? Don Allah suna zuwa?" sai ta ce, "Na sanar da su. Zauna tare da ni a waya." Ta san amsar ba ta sanyaya zuciya, kuma abin yana cinta. Amma ta rantse ba za ta sake ba wani tabbacin abin da ba ta gani ba.

Da wani ne, da ya bar aikin. Ita sai ta kama bin ofisoshi. Ranakun hutunta a bencin jiran manya suka ƙare, har masu gadi suka fara tanadar mata wuri. Buƙatarta ɗaya ce: a haɗa hukumomin uku a ɗaki guda, da layin rediyo guda, da allo guda da kowa zai ga motar kowa.

Shugaban 'yan sanda ya ce mata, "Baiwar Allah, rediyonmu akwai sirri a ciki. Ɓarawo ma yana da kunne."

Ta ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Ku riƙe sirrinku. Ni dai in ga inda motarku take, ku ga inda tamu take."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma injiniyoyi suka samo mafita: kowa ya riƙe layinsa na cikin gida, a buɗe na tarayya don gaggawa kaɗai. Kafin a kai ga haka furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Da aka buɗe ɗakin ma, kowane tebur da butar shayinsa ya zo, ana harare-harare. Ta tattara butocin ta kulle a kabad, ta bar guda a tsakiya. Mai son shayi dole ya taso ya gaisa.

Injiniyar da ta haɗa na'urorin ta gaya mata, "Mama, ni waya da waya na haɗa. Baki da baki sai ke." Ashe kuwa. Suna fara jin juna suka gano 'yan sanda ma suna da tasu an kwantar ɗin, wato an lallashi taron jama'a. Kalma ɗaya, ma'ana uku, a layi guda! Sai ta kafa doka: ba mai faɗin ta tsirara. Ko babba ne, yana cewa an kwantar zai ji muryarta a sanyaye: "An kwantar da me?" Maigidanta, tela ne mai son zolaya, yana kai ƙara wurin duk wanda ya ziyarce su. "Jikanmu na goya har ya yi barci, na fito na ce mata an kwantar, wai da me. Na ce da tarzoma!"

Duk da haka ba ta koma cewa tana tafe ba. Ga allo, ga motoci tana kallo, amma in aka zo wurin sai harshenta ya ƙi. Sajan, matar da ke teburin 'yan sanda, ita ta lura da haka, kuma ita ta ba ni labarin abin da ya faru a daminar bara.

Da la'asar ne, bayan ruwa mai ƙarfi, katanga ta faɗa wa wata yarinya. 'Yan kwana-kwana suka tono ta da rai, jama'a suka cika lungun, 'yan sanda na fama da su, farar mota na kan hanya. Uwar yarinyar tana kan waya da Uwar Ɗaki. Sai wani sabon ɗan sanda, cikin haki, ya faɗa a layin tarayya: "An kwantar!"

A kan allo farin ɗigon ya rage gudu a shataletale, ya fara karkata.

"An kwantar da me?"

"Da jama'a, Uwar Ɗaki. Hanya ta buɗe."

"Direba, ba yarinyar ba ce. Miƙe!"

Ɗigon ya miƙe. A waya kuwa uwar tana kuka. "Maƙwabta sun kawo babur, sun ce a ɗauke ta. 'Yan kwana-kwana sun ce kar a ɗaga ta, bayanta ne. Baiwar Allah, in bari su ɗauke ta ko in jira? Tana zuwa?"

Sajan ta ce Uwar Ɗaki ta ƙura wa allon ido.

"Ki jira, 'yata. Kar a ɗaga ta. Tana tafe, ina ganinta da idona. Ta wuce gidan mai. Yanzu za ki ji jiniya."

Can sai ga kukan jiniya ta cikin wayar. Uwar Ɗaki ta cire abin sauraro ta kifa kai a tebur, mutumin teburin kwana-kwana ya karɓi kiran da ya biyo baya ba tare da an ce masa ba. Sajan ta dafa ta ta ce, "Mama, ai an samu yarinyar, kukan na mene ne?" Ta share ido ta ce, "Akwai wata mata da na so a ce ita ma ta ji wannan jiniyar."

Yarinyar tana zuwa makaranta da ƙafarta yau.

Uwar Ɗaki, ke ce muryar da mutane suka riƙe a ranar da ba su da abin riƙewa, kuma yawancinsu ko a hanya suka gamu da ke ba za su san ke ce ba. Ke ce kika ɗauki baƙin cikin da ba ke kaɗai kika jawo ba, kika hana shi zama banza. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya ba Tela haƙurin tambayoyinki.

Ku kuma da har yanzu kowa ke rungume da rediyonsa a ɗakinsa, ku zo ku ga wannan ɗakin. Ku haɗa layi, ku haɗa allo, ku zauna ku tambayi juna me kowace kalma take nufi a bakin ɗan'uwa. A daidai wannan lokacin wata uwa tana riƙe da waya tana tambaya ko ta jira. Ku ba wanda zai amsa mata idon da zai gani kafin ya ce tana tafe.